Kalmar da Likita Ya Faɗa a Kan Kunnen 'Yata

Kafin in fara aiki a gidan Madam, ni a zatona duk farar fata yare ɗaya suke yi. Gidan a unguwar Bagdadiyya yake, nan ƙasa mai tsarki, a saman bene, aikina shara da wanki da guga. Madam 'yar ƙasar Sifen ce, mijinta yana cikin masu aikin gini a bakin teku. Larabcinta bai fi nawa ba, irin na kasuwa, yalla da halas da shwayya. Sai na tarar ita ma Ingilishi wahala yake ba ta. Tana da wani ƙamus mai jan bango da ya sha hannu. In rubutun kwalin magani ne ko na injin wanki, sai ta zauna a kicin ta buɗe shi tana tsaki.

Wata rana ta kira ni ta nuna mini. Ni boko ban yi ba, allo ma ban yi nisa ba, amma ido yana gani. Ta ɗora farce a kan kalma ɗaya mai kaurin rubutu ta ce, "Inglizi, wahid." Ta ja farcen ƙasa a kan ƙananan layuka, "Isbani, katir, katir!" Na gane nufinta. Kalma ɗaya ce ta Ingilishi, amma a yarensu ta haifi 'ya'ya da yawa, kuma ba sa kama da juna, sai mutum ya zaɓi wadda ake nufi.

'Yata a lokacin ta kusa shekara uku, da ita nake zuwa aiki. Ko "Mama" ba ta taɓa cewa ba. Inna, wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da muke haɗa tsakar gida da ita a unguwar Mahjar, takan ce, "Ke 'yar nan kin cika wasiwasi. Nauyin baki ne kawai. Ranar da za ta fara, ke za ki roƙe ta ta yi shiru." Ina so in yarda da ita. Amma ina lura, in mai gas ya shigo lungu yana buga tukunya da ƙarfe, duk yara su ruga, tawa tana zaune tana juya murfin kwalba. In ubanta ya shigo da sallama, ba ta ɗagowa sai inuwarsa ta faɗo a gabanta.

Asibiti kuwa ba wurin zuwanmu ba ne. Umra muka zo muka zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili mai tsaya mana. Ko motar 'yan sanda na hango sai in sauya hanya.

Madam da kanta ta gano. Faranti ya suɓuce mini a kicin ya tarwatse, har Madam ta zabura daga falo, yarinya ko gezau. Madam ta tsaya tana kallonta. Ta lallaɓa ta bayanta ta tafa hannu da ƙarfi, ta sake tafawa. Sannan ta dube ni, ni kuma na sunkuya ina tsintar fasasshen faranti don kada mu haɗa ido.

Bayan 'yan kwanaki ta sa mu a mota zuwa wani asibitin kuɗi da ma'aikatan kamfanin mijinta suke zuwa. Ta yi magana da na bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye ni komai. Likitan Ba'indiye ne, sabon zuwa, ba ya jin Larabci. Ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila. Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya kai bayan kunnenta, ya ɗora a goshinta, yarinya tana ta miƙa hannu za ta karɓe. Sai ya zauna ya yi ta bayani da Ingilishi, da sauri, Madam yake kallo. Akwai kalma ɗaya da ya yi ta maimaitawa yana nuna kunnensa.

Madam ta ciro ƙamus daga jaka. Ni ban kalli likita ba, farcenta nake kallo. Ta samo kalmar, ga layuka a ƙarƙashinta. A na farko fuskarta ta saki, har ta gyaɗa kai, na ji kamar an sauke mini kaya. Farcen ya gangara na gaba, sai ta haɗe gira. Ya ƙara gangarawa, ta ciji leɓe. Ta juya littafin ta nuna wa likita, shi kuma yarensu ba ya karantawa, ya kaɗa kai irin nasu da ba ka sanin i ne ko a'a. Wata nas ta leƙo, akwai masu jira. Ya miƙe.

A mota na ce, "Madam, fi dawa?" Wato akwai magani?

Ta ce, "Mumkin." Wato wataƙila. Ta sake cewa, "Mumkin la," wataƙila babu. Ta buɗe littafin a cinyarta ta rufe. "Ba'aden, ba'aden," wato sai daga baya. Ba ɓoye mini take yi ba, na ga idonta. Ita ma ba ta san wanne daga cikin layukan ne na 'yata ba, kuma ko ta sani, Larabcinmu bai isa ya ɗauko shi ba.

Ni dai na riƙe kalmar a bakina. Tun daga Bagdadiyya har Mahjar ina nanata ta a cikin bas kamar mai tasbihi. Akwai wani ɗan Kaduna a lungunmu, abokin maigidana, yana wankin mota a Ammariyya, an ce ya yi sakandare. Na same shi da maigidana zaune a ƙofar gida na faɗa masa kalmar.

Ya ce, "Sake faɗa, matar yaya."

Na sake.

"Kai! Wannan Ingilishi ne ko sunan sabulu?" Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya gyara zama. Ya gwada kalmomi uku ko huɗu masu kama da ita, kowacce in ce kamar ita ce. Ashe ta goge a hanya. Ya ce, "Wallahi ko ta fito daidai, Turancin likitoci daban ne. Kalma ɗaya sai ta zama abu goma."

Muna shiga ɗaki maigidana ya rufe ni da faɗa. "Yanzu da an tambaye ki iƙama fa? Da ke da ita sai tarhil, ni ina nan ban sani ba. Kada ki sake." Tarhil shi ne gidan da ake tara waɗanda za a mayar gida. Ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa.

Na zuba ido ga "ba'aden" ɗin Madam. Kafin lokacin ya zo, aikin mijinta ya ƙare. Na zo wata safiya na tarar da akwatuna a falo. Ta ce, "Halas, Isbaniya," wato shi ke nan, sai ƙasarsu. Ta rungumi yarinyar tana kuka, tana ta yi mini magana da yarensu, doguwar magana, kamar dole in ji. Ban ji ko ɗaya ba.

Duk da haka na koma asibitin daga ni sai yarinyar, ban gaya wa kowa ba. Na bakin ƙofa ya dube ni daga sama har ƙasa. "Wen kafil? Wen iƙama?" Wato ina kafili, ina iƙama? Na ce na manto a gida. Ya ce in je in ɗauko. Na ce to.

Muna fitowa yarinya ta fizge hannunta ta bi wata mage zuwa titi. Wata mota ta danna oda har mutanen tsallake suka waiwayo, ita ba ta waiwayo ba. Na cafko ta a bakin kwalta, tana dariya. Na cire ɗankwalina daga ƙarƙashin abaya, na ɗaura baki ɗaya a hannunta, ɗayan a nawa, muka nufi tashar bas.

Ta girma yanzu, da hannu muke hira. Har yau ban san ko abin da likitan ya faɗa mai gyaruwa ba ne a lokacin.