Gashina a Gwangwanin Madara

Shekarata arba'in da shida lokacin da na gano cewa rabin gashin da nake taƙama da shi ya daɗe da rabuwa da kaina. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Bande, kuma tun ina yarinya mutum ɗaya ke taɓa mini kai, wato Yayata. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara tara. Tun da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai, ƴaƴanta duk suna gidan aure. Duk bayan sati biyu, ranar Lahadi da hantsi, nakan je in zauna a tabarma tsakanin ƙafafunta. Ita ke tsefewa, ita ke wankewa, ita ke shafa man shanu ta yi kitso. Babu madubi a ɗakin Yaya, ni ma ban taɓa nema ba. Gashin da ya zuba sai ta dunƙule shi a tafin hannu ta ce, "Bari in binne miki." Haka muka taso, ba a barin gashi a ƙasa don kada ya faɗa hannun mugu.

Ni kuwa baki gare ni. A wajen biki, in mata suka zame ɗankwali a ɗakin amarya, ni ce mai yi wa masu ƙarin gashi dariya. Nakan ce ina dalili mace da hankalinta ta sayi meshi a kasuwa ta ɗinka a ka, ta yi wata guda tana yawo da wari. In aka ce, "Madam, ke ai Allah ya ba ki," sai in karkata kai a ga jelar kitso har kafaɗa. Ƙaiƙayi dai ina fama da shi, da wani tsami-tsami da nake ji a matashin kai, amma na ɗora wa zafin bazara laifi.

Wata shekara ƴar Yaya ta haihu a Yekuwa, Yaya ta hau amalanke ta tafi zaman jego na kwana arba'in. Kitsona ya tsufa, ga bikin ƴar abokiyar aikina ya matso. Na hau moto zuwa Magaria, na shiga salon a karo na farko a rayuwata.

Mai salon ta zaunar da ni gaban wani ƙaton madubi ta fara tsifa. Kitso na farko bai kai ƙarshe ba jelar ta biyo hannunta. Ta ɗaga ta, ta juya ta, ta kai hanci, ta yi saurin kau da kai.

"Madam, wane irin meshi ne wannan? Ban taɓa ganin irinsa ba."

Na ce, "Ki iya bakinki. Gashina ne."

Ta ci gaba da aikinta. Duk kitson da ta warware sai wani curi ya fito, ta ajiye a tebur da yatsa biyu. Gashi ne na mutum, ya koɗe ya yi ja, ya daskare da tsohon man shanu. Warinsa ya cika shagon. Mata biyu da ke jiran layi suka ja mayafi suka rufe hanci, kuma ɗayarsu na san ta, na taɓa yi mata dariya a wani biki. Da na ɗaga ido na ga goshina ya ja baya kamar faɗin yatsa uku, gefen kunnuwa fata sai sheƙi take, abin da ya rage kuwa ƴan tsiraru ne da furfura. Na kwashe ƙazantar a leda, na ɗaure ɗankwali, na koma gida. Bikin ban je ba.

Ranar da Yaya ta dawo ko sannu da hanya ban yi mata ba. Na jefa ledar a gabanta.

"Yaya, gashin wa kike sa mini?"

Ta dubi ledar ta ce, "Naki."

Ta durƙusa ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Cike yake. An tsefe shi, an jera tsawo da tsawo, an ɗaure kowane ƙulli da baƙin zare. Sai da na matsa bakin ƙofa na tofar da miyau.

Ta ce, "Tun haihuwar autanki ya fara zuba. Wallahi ban taɓa sa miki na wata ba. Abin da ya faɗo daga kanki shi nake mayar miki."

"Shekara goma sha ɗaya ina kwana da mushe a kaina! Abin da kika ce kin binne!"

"To in ce miki me? Ke da kike son gashin nan kamar ranki."

Na zaro almakashin da nake yanka takarda a lakwal na miƙa mata, na ce ta yanke. Ta ce ita ba ta taɓa sa wa mace almakashi a ka ba. Na kama gefe ɗaya na datse da kaina. Ta yi salati, ta karɓe, ta ce, "Kawo, ɓatawa za ki yi." Ta rage shi daidai gaɓar yatsa, ta daidaita ko'ina. Na wanke da sabulu har sau uku, na ji iska ta taɓa fatar kaina. Maigidana da ya gani daga baya cewa ya yi na koma sabon soja, na ce ya fi mini.

A ranar na haƙa rami a bayan rumbu, na juye gwangwanin da ledar ina toshe da hanci, na tattake ƙasar da ƙafa. Yaya tana tsaye tana kallo. Da na ɗauki jakata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "To ranar Lahadi ba sai kin zo ba ke nan."

Na fice abina, don har lokacin ƙyamar hannunta nake ji. Lahadin kitso ta zo ta wuce ina gida. Ta biyu ma haka. Amma na san wani abu da ya hana ni sakat: in ba ni ba, sai a yi kwana da kwanaki babu wanda ya ɗaga labulen ɗakin nan.

Ta uku na tafi da kwalbar maina na kanti, don man shanu ni da shi har abada. Na tarar ta shimfiɗa tabarma, ga mataji ga tsinken tsaga a gefe, ban san ko Lahadi nawa ta yi tana shimfiɗawa ba. Na zauna tsakanin ƙafafunta na miƙa mata kwalbar. Babu abin da za a kama a kan nan, minti biyar ya ishe shi. Ba ta ajiye matajin ba sai da aka kira azahar, ni ma ban ce mata ya isa ba.