Ɗinyar kan iyaka

Shekarar da Inna ta daina cin abinci, autanmu ya zo duba ta da wani kwali ɗaure da igiya. Aikin girki yake yi a wani otal cikin tsibiri, can tsakiyar teku, inda ya ce masu hali ke zuwa hutu su ci kifi da ƴaƴan itacen da ba su taɓa gani ba. A tsakar gidanmu na ƙauye, kusa da Waca, ya buɗe kwalin. Kwakwa da abarba dai mun san su. Amma akwai wani ja mai gashi kamar bushiya, da wani rawaya da in an yanka shi sai ya fito da siffar tauraro. Rabinsu duk sun ruɓe a hanya.

Ya ɓare jan nan ya kai mata baki. Ta kau da kai.

"Ɗan nan, kai wa yara," in ji ta. "Ni maɗi nake marmari. Na ɗinyar gonarmu."

Muka kalli juna, ni da shi da yayyenmu maza biyu. Tun da ƙafafunta suka riƙe ba ta sake zuwa gona ba, kuma ba wanda ya gaya mata abin da ya faru.

Ɗinyar nan ta girmi Baba. Muna yara, in damina ta ja baya, da ƙwarya muke zuwa tsintar waɗanda suka faɗo. Ɗanyun kuwa mu binne su cikin toka har su yi baƙi. Inna ta jiƙa su, ta murje, ta tace, ta ɗora ruwan a wuta ta wuni tana juyawa har ya yi kauri. Shi ne maɗi. Mu fito da haƙora baƙi ƙirin, tana yi mana tsiya wai mun ci gawayi.

Da Baba ya rasu aka raba gona, sai iyaka ta bi ta gindin ɗinyar. A wajenmu itacen da ke kan iyaka ba a ba kowa shi, reshen da ya leƙa gonarka shi ne naka. Babban yaya ya ce inuwa tana hana hatsinsa yi, ya sassare rassan gefensa. Ƙaramin ya ce ai shi ma ba za a bar shi da inuwa shi kaɗai ba, ya sare nasa. Ba na cewa mugaye ne. Ƙasa ta gaji, bakuna sun yi yawa, kowane taku na gona abin faɗa ne. Amma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Ɗinyar ta yi ta ƙoƙarin tofo, daga baya ta bushe, masassaƙin turmi ya zo ya ɗauke gangar jikin.

Likita ya riga ya gaya mana in Inna ba ta ci ba, magani ba zai yi komai ba. Don haka ranar kasuwar Mallawa na hau kabu-kabu na tafi. Na zaga rumfunan mata har ƙafata ta gaji, sannan na samu wata tsohuwa da ɗan tulin ɗinya ƙanana, ta ce daga tsallaken iyakar ƙasa aka kawo. Na dawo na wuni a bakin murhu, hayaƙi na cin idona, ina yi yadda na ga Inna na yi.

Na tashe ta zaune na ba ta a ludayi. Ta kurɓa, ta riƙe shi a baki, ta daɗe kafin ta haɗiye. Raina ya yi fari, na ce yau kam za ta ci.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Kin iya dafawa. Amma tamu ba ta kama maƙogwaro."

Ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya sare ta?"

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanena.

"Bari, kada ki faɗa mini. Duka ni na haife su."

Ta miƙo mini ludayin ta juya ta fuskanci bango. Mun yi fura, mun yi kunu, mun yi kwaɗon zogale, auta har romon kifi irin na otal ɗinsu ya dafa mata. Daga ranar ba ta sake cewa tana marmarin komai ba, kuma ba ta ga an zuba hatsin shekarar a rumbu ba.