Igiyar da Aka Ƙulla a Bakin Rijiya

Shekarar da Nasara suka matsa wa garinmu Guna da aikin dole, uban ƙawata Tasalla ya gudu kudu, ya bar su ita da uwarta. Mai gari ya ce duk gidan da aka ga yana hulɗa da su, a nan za a ɗauki wanda zai maye gurbinsa wajen fasa wa kumandan dutse a Damagaram. Babana ya tsorata. Ya ce in ya sake ganina da Tasalla sai ya karya mini ƙafa.

Kakata Inna Dije tana jinsa. Da aka ci tuwo ta hura wutar kara a tsakar gida, ta ja tabarmarta daidai ƙofar ɗakinsa. Ba ta ma jira mu ce ta zo mu ji ta ba.

Ta tambaye mu me ya sa ake cewa an ƙulla ƙawance, ba a cewa an dafa shi ko an daka shi. Ƙanena ya ce da dakawa ake yi da ya sha furarsa. Ta daka masa duka da mafici, ta ci gaba.

Wai an yi wani fari, ruwan rijiya ya gudu ƙasa. Mata biyu da ba sa ga-maciji suka zo da guga, igiyar kowacce ta gaza. Suka tsaya suna harara har rana ta take, sannan ɗaya ta miƙa bakin tata, aka ƙulla, guga ya taɓa ruwa. Sarkin garin ya ji haushi an sha ba da izininsa ba, ya aiko a kwance. Dogarai suka sa farce, suka sa haƙori, ƙulli ya sha ruwa ya ƙi. Daga nan, in ji ta, maganar ta samo asali.

Sai ta ɗaga murya don babana ya ji: "Malam, kai da na goya, ka taɓa kwance jiƙaƙƙen ƙulli?"

Daga ɗakin sai tari.

Da safe ta sa ni gaba zuwa rijiya. Uwar Tasalla na gefe, ba mai ara mata guga. Inna Dije ta kama guntuwar igiyarta ta ƙulla da tamu a idon kowa, ta ce da ni da Tasalla mu ja.

An ɗauki babana. Ya yi damina guda yana fasa dutse, ya dawo da tabo a kafaɗa, ya daɗe ba ya yi mini magana. Gero kuwa uwar Tasalla ce ta taya mu nome shi.

Ban san ko daga can maganar ta fito ba, wataƙila tsohuwar a ranar ta ƙirƙira. Yau Tasalla ba ta gani, ni ke jan ta zuwa suna da ta'aziyya. 'Ya'yana na cewa in huta, na tsufa. Ni ma nakan tambaye su abin da aka tambayi kakansu.