Jarirai Biyu, Lamba Ɗaya

Ko tsufa ya sa na soma mance sunayen jikokina, ba na jin zan mance ranar da na je Zuba neman kuskuren kwamfuta, na tarar da abin da na kira kuskure goye a bayan uwarsa yana barci.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiya a Abuja da ke kai wa ƙananan asibitoci allurar rigakafin yara. Ni ne mai kula da bayanai. Duk jaririn da aka yi wa rajista yana da layinsa da lambarsa a kwamfuta, kuma da yawan layukan nan ake auna allurar da za a aika wa kowane asibiti. Layuka ne dubbai a kan dubbai. Ni kuwa a wancan zamanin gani nake babu wanda ya kai ni iya rubuta fomula, wato umarnin lissafin da ake ba kwamfuta, kai har girman kai nake yi da ita.

Wata safiya shugabar sashenmu ta kira ni, ta juyo mini da fuskar kwamfutarta.

"Malam, in an ƙirga layuka adadi daban, in an ƙirga lambobi adadi daban. Wanne zan kai gaba?"

"Hajiya, ki ba ni zuwa azahar," na ce.

Da na duba sai na ga wasu lambobi sun fito sau biyu. Lamba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sunan uwa ɗaya, gurbin sunan yaro kuma fayau babu komai. Nan take na yanke hukunci cewa ma'aikatan asibiti ne ke danna abu sau biyu idan intanet ta tsaya musu. Na rubuta fomula: duk lambar da ta maimaitu, a riƙe layin farko, a watsar da na biyu. Adadi ya daidaita, Hajiya ta sa mini albarka, ni kuma na wuni ina baza kafaɗa.

Bayan wata biyu sai wani ƙaramin asibiti a Zuba ya kawo kuka, wai allura ba ta isar su. Na koma kan fomulata, lafiyarta lau. Na ƙirga ta wata hanya, amsa ɗaya. To ina allurar take zuwa? Kwana uku kaina a ɗaure. Ina cikin bas a cunkoson Nyanya ina lissafi da yatsu, har kwandasta ya tambaye ni ko lafiya. Na zargi firjinsu, na zargi direba, kuma Allah ya yafe mini, har nas ɗin wurin na zarga da karkatar da kaya. Kaina kaɗai ne ban zarga ba.

Rana ta huɗu na tafi da kaina. Nas ɗin wata dattijuwa ce 'yar Filato. Na buɗe kwamfuta na fara yi mata bayanin lamba mai maimaituwa, ta bar ni na yi ta zuba har na gaji, sannan ta ce, "Oga, rufe wannan abu. Zo ka gani."

A kan benci wata mata ce mai sayar da lemo a kasuwa, ɗa ɗaya a cinya, ɗaya a goye.

"'Yan biyu ne," in ji nas. "Ranar da an haife su muna ba su allura na farko, amma suna bai zo ba tukuna, sai kwana bakwai. So muna sa lambar katin mama, mu bar wurin suna. Kai ba ka san haka ba?"

Na sani mana. Ni da na sha cin naman suna, ta yaya zan ce ban san jariri ba ya da suna kafin bakwai ba? Amma wallahi ban taɓa haɗa wannan da layin kwamfuta ba. Matar nan zuwanta biyu ke nan, tana barin tirenta a hannun maƙwabciya. An yi wa ɗaya, allura ta ƙare, ɗayan kuma lokacinsa yana wucewa.

Ashe tana jin mu. Ta ɗago ta dube ni, babu faɗa a muryarta, ta ce, "Malam, a cikinsu wanne ne kwamfutar ta ce babu shi?"

Ni kaina ban sani ba, domin fomular duk wanda aka fara rubutawa take ɗauka. Kunya ta rufe ni, ga tsoro, don na tuna ba Zuba kaɗai ake haifar 'yan biyu ba.

Na koma ofis na faɗa wa Hajiya gaskiya. Muka dawo da duk layukan da na watsar, muka bi su da waya asibiti bayan asibiti. Wasu kam maimaici ne na gaske, wasu kuwa yara ne masu rai. Muka ƙara gurbin da ke nuna na farko da na biyu a haihuwa, aka kuma yi wa yaron nan allurarsa a wannan makon.

Har yau ina rubuta fomula, amma na daina ɗaukar daidaituwar adadi a matsayin gaskiya. Duk layin da zan goge, sai na fara tambayar wanda ya rubuta shi, domin ba na son wata uwa ta sake tambayata wanne ne babu shi.