Shekarar da na hana wanzami

Ana saura mako a yi wa yaran gidanmu na Ƙofar Atiku kaciya, ɗana na fari ya tashi da ɗige-ɗige ja tun daga idon sawu har ɗuwawu. Idan na danna ba sa gushewa. Gwiwoyinsa suka kumbura, ciki yana murɗa masa. Shekararsa bakwai. Ubansa yana kudu da shanu, sai na sa shi a keke muka tafi asibiti.

Likita ta ɗebi jini, ta karɓi fitsari. Ta ce ta fara zaton ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an yanke ne suka yi ƙaranci, amma sun cika kuma suna aikinsu. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka kumbura suna tsattsafowa a ƙarƙashin fata. Yakan wuce, in ji ta, amma yana iya taɓa ƙoda. A riƙa kawo fitsari, kuma kada ƙarfe ya taɓa yaron sai ya lafa.

Surukina, wanda ya tara jikoki huɗu don wanzami ɗaya, rabin maganar ya ɗauka. Tsohon bai taɓa jin zance har ƙarshensa ba.

"To, tunda jini na tsayawa, mi ar rage? A yi mai tare da 'yan uwanai."

A wurinmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta tsaya masa a gaban surukai. Ni ma haka na tashi, "yaron nan" nake ce masa. Na roƙi uwar mijina ta yi magana, ta ce Alhaji ya riga ya sayi kaji. Waya kuma ta ƙi shiga wurin ubansa. Tsoro ya kama ni sosai, haushi kuma ya fi tsoron.

Da safiyar ranar, wanzami ya shimfiɗa kayansa a zaure. Na hango yaron yana ɗingishi a bayan sauran. Na ja mayafi na shiga zauren, na kira shi da sunansa a gaban maza.

"Baba, ku gafarce ni. Wanga ɗana na, kuma ba a yanka shi yau."

Surukina ya dube ni, ya dubi ƙafafun yaron da kyau, ina jin karo na farko ke nan. Ya ce wa wanzami ya yi ukun. Ya daɗe bai amsa gaisuwata ba, matan gida kuma suka samu abin taɗi.

Yaron ya kwanta a ɗaki yana jin ƙamshin kazar 'yan uwansa, ya juya mini baya. Can ya ce, bai waiwayo ba:

"Inna, ashe kin san sunana?"