Abin da Kanal Ya Ƙi Faɗa a Bab Makka

A shagonmu na yadi a unguwar Bab Makka ta Jidda, duk wanda ya zo Umra daga gida sai an zaunar da shi bayan La'asar, a ba shi shayi, ya biya da labari. Ba a tashi da baki rufe. Shekarar da yayana ya zo, kanal ne a sojan Nijar, na cika unguwa da baki: ga wanda zai warware muku duniya.

Ranar kuwa talabijin ɗin shago na nuna wani janar na wata babbar ƙasa, ƙirji cike da lambobi, yana cewa makamin ƙare-dangi ne ya hana duniya yaƙi, yana kuma caccakar 'yan siyasar ƙasarsu. Kowa ya juyo ga yayana.

Wanda ya yi magana wani dattijo ne, telanmu. Kafin ya zo Jidda ya yi ƙuruciyarsa yana haƙar yuraniyom a arewacin ƙasarmu, kuma tunda ya ji da shi ake haɗa bam ɗin bai sake samun natsuwa ba.

Ya ce, "Ɗana, kai soja ne. Dutsen nan da na haƙa da hannuna, tsare mutane yake ko kashe su zai yi? Ina so in san ko da alhaki a wuyana kafin in kwanta dama."

Yayana ya ajiye kofi ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Mai kaki ba ya wannan magana a bainar jama'a. In na furta yau, gobe a ce soja sun ce."

Kai! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Yaya, wancan na talabijin ba kaki ne a jikinsa ba?"

"Shi ya sa ka ga tsoho ya firgita," in ji shi. "Ɗan siyasa in ya yi ɓaram-ɓarama a kayar da shi a zaɓe. Mu da ke riƙe da bindiga, maganarmu ba shawara ba ce, barazana ce."

Wani ɗan Sudan ya ce halas, wato ya isa haka, a ƙyale baƙo. Dattijo ya naɗe tsumman ɗinkinsa ya tafi, shayinsa ko rabi bai sha ba. Har yau ina ganin hujjar yayana tana da nauyi, kuma har yau ina jin haushinta.

Washegari zai wuce Makka, ya riga ya ɗaura harami, sai ya ce in kai shi unguwar Mahjar, ɗakin tsohon. Muka same shi kan tabarma yana zura zare a allura. Yayana ya durƙusa.

"Baba, yanzu ba kaki a jikina, ba kuma taro. Amsar tambayarka, wallahi ban sani ba. Na karanta, na zauna da manya, ban ga wanda ya sani ba."

Tsohon ya ajiye allurar, sannan ya ce, "To ai da jiya ka faɗi haka, ɗana. Ba ni kaɗai na kwana da tsoro ba. Duk shagon nan mun ɗauka ku kun sani."