Ranar da Kwamfuta Ta Yi wa Oga Tsiya

Har yau in na ji warin fetur na janareta sai ƙarar tsohuwar firintarmu ta dawo mini, ƙiii-ƙiii kamar ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi. Ranar da ta buga waccan takardar ba zan taɓa mantawa da ita ba.

A ƙarshen shekarun 1990 ne, na gama karatun kwamfuta, aka ɗauke ni aikin wucin gadi a wani ofishi a Gumel. Ni a lokacin rabin hankalina yana kan aiki, rabin yana kan giza-gizai da waƙoƙin da nake rubutawa. Muna da wata 'yar manhaja da ke adana duk abin da ya faru: motar shanu ta taso daga Maigatari, ta shigo, ta fita, da lokacinta. Wani abokin aikinmu ɗan Filato, wanda nake ce wa Yaya, shi ya fara rubuta ta, ya kuma bar wa kowa ita kyauta. Ana kwafar ta a faifai a ba direba ya kai Gagarawa ko Sule Tankarkar, wanda ya ga dama ya gyara, ya dawo da ita.

Matsalar ita ce in wannan ya gyara kai, sai ƙafa ta karye. Shi ya sa na zauna na rubuta ɗan abin gwaji da ke bin manhajar sashe-sashe, ya ba kowane sashe aikin ƙarya ya ga ko zai yi daidai. In ya yi, sai ya ce "Lafiya lau." In bai yi ba, sai ya ɗauko sunan da ke saman sashen, wato wanda ya taɓa shi a ƙarshe, ya yi masa tsiya. Nan na zuba duk basirata ta waƙa.

Yaya ya yi dariya har da hawaye. "Ƙanwata, wannan ai uwar gulma kika haifa mana."

Abin da ban kula da shi ba shi ne al'adarmu. A wurinmu ƙaramin ma'aikaci ba ya sa sunansa a kan aiki, sunan oga ake sawa don girmamawa. Ogan namu kuwa, wanda ko kunna kwamfutar bai iya ba, sunansa ne a saman kowane sashe, har da Alhajinsa.

Rannan baƙi suka zo daga Dutse ganin ci gaba. Oga ya sha babbar riga, ya tsaya yana bayani.

"Duk ni na tsara abin nan. Ke, nuna musu sabon da muka yi."

"Yallaɓai, faifan yanzu ya dawo daga Gagarawa, ban duba..."

"Danna kawai!"

Na danna. Firinta ta ce lafiya lau, ta sake cewa lafiya lau, sannan ta ja dogon ihu. Babban baƙon ya yage takardar, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi: "Alhaji wane ya taɓa agogo da hannun miya, yau shanu sun isa tun kafin su taso." Bai tsaya ba. "Alhaji wane ya sake, a ɗaure masa hannu don Allah."

Wani daga cikinsu ya fita waje yana tarin ƙarya. Ni kuwa ina kallon aikina yana tashi sama kamar tsuntsu, ga shi takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburin Oga.

Da baƙi suka tafi Oga ya ce in tattara kayana. Yaya ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka kore ta za a ce gaskiya injin ya faɗa. In kuwa aka cire sunanka, gobe injin zai zagi ɗan Gagarawa da ya yi ɓarnar, ba kai ba."

Oga ya hura hanci. "A cire. Ko'ina. Kowa ya sa nasa, munafukai!"

Ban rasa aikin ba, sai dai an tura ni Sule Tankarkar, inda kwamfutar ta fi zama a lulluɓe da zani, na samu lokacin waƙa iya son raina. Tun daga nan kowa ya fara sa sunansa, ya kuma bi ta hannun uwar gulma kafin ya ba direba faifai. Na koyi cewa mai son a sa sunansa a kan aiki ya shirya amsa shi ranar da aikin ya lalace.

Sai bayan shekaru masu yawa Yaya ya gaya mini cewa kafin a cire sunan, wani ya riga ya kwafi faifan ya tsallaka da shi Damagaram. Can suka juya tsiyar zuwa Faransanci, amma ba su taɓa sunan ba. Har wani ma'aikacinsu ya zo Maigatari yana tambaya a nuna masa Alhajin nan da ba ya gajiya da ɓarna.